Babi na Huɗu: Tagumi a Jikin Yumɓu

Ina ruwan Musulmi da gunki? Tambayar da za a fara jefo maka ke nan da zarar ka ɗauko zancen mutum-mutumin yumɓu da ake tonowa a ƙasar Katsina da Zamfara da kudancin Kaduna. Mai tambayar kuwa bai yi laifi ba. Tun muna gaban malam da allo a cinya muka ji yadda Annabi Ibrahim (AS) ya farfasa gumakan mutanensa, muka ji yadda aka raba Ka'aba da gumaka 360 ranar da aka ci Makka. Balle mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, wanda abin da ke gabansa yau shi ne ko za a bar shi ya shiga gonarsa, ko zai kwana a ɗakinsa har asuba. Ina ya ga lokacin kallon kan yumɓu?

Sai dai akwai wata tambaya a bayan wannan, wadda duk wanda ya ƙura wa abubuwan nan ido yakan yi ko bai shirya ba. In har abin bauta ne, me ya sa wasunsu suke a takure, sun haɗa kai da gwiwa, wani baki a karkace, wani ƙafa a kumbure? Mai neman abin dogaro ai ƙaƙƙarfa zai gina wa kansa, mai kwarjini, ba majinyaci ba. To me ya kai mutanen nan ga gina rauni, har suka gasa shi a wuta don kada ruwa ya narkar da shi?

Abin da ke ƙarƙashin gona

A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya damu da shi sosai. Wajen 1943 aka sake tono wani, babba, a ƙasar Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna. Sai da kan ya yi gadin doya na wani lokaci kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in Turawan mulki a Jos wanda ya karanci ilimin tonon tarihi. Fagg ya ga kamarsa da na farkon, ya shiga bin ma'aikatan kuza yana tara irinsu, ya laƙaba musu sunan Nok. Da su aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, suka shafe shekaru suna tono a tsanake. Abin da suka gano shi ne mutanen nan manoman gero ne, sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun fara gina siffofin nan wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, daga baya suka iya narka tama. Sun riga daulolin Hausa da fiye da shekara dubu, don haka kada wani ya yi saurin kiran su kakanninsa, kada kuma ya yi saurin cewa ba ruwansa da su. Gero ɗaya muke ci da su, ƙasa ɗaya muke nomawa.

Abin bai tsaya a kudancin Kaduna ba. A shekarun 1990 kasuwannin kayan tarihi na Turai suka cika da wasu nau'i biyu da suka fito daga arewa, dillalai suka sa wa ɗaya Sakkwato, ɗaya Katsina. Wanda ya taɓa tashi daga Funtuwa ya bi ta Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, ya ratsa Tsafe, ya san dutsen Kwatarkwashi da ke tsaye kafin a shiga Gusau. Kewayen dutsen nan na cikin wuraren da aka fi yi wa wasoso. Zamani ne na tsadar rayuwa, naira ta faɗi, sai ga masu kuɗi suna sayen abin da manomi kan tsinta ya yar a bakin kunya. Jama'a suka yi dafifi da diga da shebur. Kaya suka riƙa fita ta Kwatano da Lome zuwa Brussels da Paris, wanda ya haƙa ya karɓi abin cefane, wanda ya sayar a can ya karɓi abin gina gida.

A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da take gargaɗin kada a saya. A wannan shekarar ce kuma shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sabon zaure a gidan tarihi na Louvre, a cikinsa akwai na Nok biyu da na Sakkwato ɗaya, alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su. Aka yi ta ja-in-ja har 2002, Faransa ta yarda mallakar Najeriya ce, Najeriya ta yarda a bar mata aro na shekara 25. Hasarar da ba ta da gyara ita ce ramin. Mai diga ba ya duba abin da ke kusa da kan da ya tono, ko kabari ne, ko murhu, ko tukunya. Ya ciro fuskar, ya rushe labarinta.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Duk da haka fuskokin suna nan, ana iya kallonsu. Hannun magina tukwane ne ya yi su. Cikinsu rami ne irin na tulu, an ɗora yumɓu naɗi bisa naɗi, an cuɗa shi da ɓurɓushin dutse don ya jure wuta, an huda ido da hanci da baki. Duk macen da ta taɓa ginin randa za ta gane aikin da kallo ɗaya.

Na Nok sun fi ado: kitso iri-iri, duwatsun wuya jibgi, awarwaro har gwiwar hannu. Na Sakkwato ba su da wannan ƙawa, gira ce mai nauyi ta rufto kan ido, fuska a murtuke kamar ta wanda aka aiko wa mugun labari. Na Katsina kuwa sau da yawa mutum ne zaune a kan wata kewayayyiyar tukunya, gaɓoɓi sirara, hannuwa bisa gwiwa, ido a lumshe. Ba mashi, ba doki, ba alamar zai tashi. A cikin na Nok akwai zaman da ya yawaita, na namiji ya ɗora haɓa a kan gwiwa. Turawa sun kira shi mai tunani. Mu da muka saba ganin irin zaman nan a ƙofar gidan rasuwa mun san tagumi ne.

Sannan ga majinyata. An samu siffofin Nok masu tundurmi, masu baki a karkace irin na wanda ɓarin fuskarsa ya shanye, masu kumburi a fuska, masu ido a lalace. Maginin bai yi su don dariya ba. Kulawar da ya yi wa kitson mai dukiya ita ya yi wa kumburin mai ciwo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ba daga nan ya fito ba, daga ƙasar Jenne ne a Mali, an gina shi a ƙarni na 13, yanzu yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Tsawonsa kaɗan ya ɗara taƙi. Mutum ne zaune a ƙasa, kai a aske, ba riga. Ya jawo ƙafa ɗaya ya rungume ta a ƙirji, ya kwantar da kansa gefe guda bisa gwiwar, wuya ya miƙe kamar ƙashin ya gaji da ɗaukar kan. In ka zagaya bayansa sai ka ga layi-layi na tudu da ɗigo tun daga kafaɗa har ƙugu. Masana sun rabu: wasu sun ce ƙuraje ne na wata cuta, wasu sun ce tsaga ce ko ado, wasu sun ce zaman makoki ne. Ko wanne ne, ba ya kallon kowa. Bai ɗaga hannu yana roƙo ba, bai buɗe ido yana neman a tausaya masa ba. Ya kai matsayin da mutum ke daina bayani. Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibiti ya ga wannan zaman da tsakar dare, a kan benci, wajen ɗakin tiyata.

Me ake nema da gina ciwo?

Amsa ta farko mai sauƙi ce. Ciwo ba ya da harshe. Ka tambayi yaro ina ke masa ciwo, ba zai yi maka jawabi ba, yatsa zai ɗora a wurin. Mutanen da ba su san Allah ɗaya ba sun yi wa abin bautarsu irin wannan nunin. A tsohon birnin Korinti na Girka an tono tarin ƙafafu da hannuwa da kunnuwa da nonuwa na gasasshen yumɓu, na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda majinyata suka rataya a ɗakin Asklepios, wanda suka ɗauka shi ke warkarwa. Har gobe a garin Canindé na Brazil mabiya ɗariƙar Katolika suna kai ƙafar itace ko kan itace coci, godiya ga samun sauƙi. Gaɓar da aka sassaƙa tana cewa: nan ne.

Amsa ta biyu daga ramukan Nok ta fito, waɗanda aka samu damar tonowa kafin masu diga su riga. Kusan duk siffofin a farfashe aka same su, kuma ba faɗuwa suka yi ba. An fasa su, an tara gutsattsarin a rami, an rufe. A wasu wuraren ramukan suna kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya, abin da masanan suka fassara da kaburbura, ko da yake ƙasar wurin ta cinye ƙasusuwan. Ke nan mutum zai ɓata kwanaki yana gini, ya busar, ya gasa, sannan a fasa a binne kusa da mamaci. Abin da aka yi don a fasa ba ado ba ne. Ya fi kama da rakiya.

Amsa ta uku kuwa a littattafanmu take, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki, don mun sha jin ta a tafsirin azumi ba mu tsaya a kanta ba. Suratu Nuhu ta ambaci gumaka biyar: Wadda, Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasra. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai Shaiɗan ya raya wa jama'arsu su kafa siffofinsu a wuraren da suka saba zama, a sa musu sunayensu. Ba a bauta musu ba a lokacin. Sai da wannan tsara ta shuɗe, aka manta dalili, sannan bauta ta shigo. Masu tafsiri sun kawo ruwayar da ta ƙara haske: mutane sun kewaye kabarin Wadda suna baƙin ciki, a nan Iblis ya same su ya yi musu tayin siffarsa. Ashe gunkin farko ba daga wauta ya fito ba, daga kewa ya fito. Musulunci bai raina hawayen mutanen nan ba. Ya dai nuna cewa ta ƙofar da hawaye ya fita ɓata ya shigo.

Uwa da gawar ɗanta

Kiristanci, musamman ɗariƙar Katolika, ya bi wata hanya dabam. Maimakon ya rufe ƙofar, sai ya sa rauni a tsakiyar ɗakin ibada. Musulmi ya yi imani ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Kirista ya yi imani an yi, kuma a nan ceto yake. Daga wannan imanin aka samu siffar da ake kira Pieta: Maryamu zaune, gawar ɗanta a cinya. Maƙwabtanmu ne ke kallon irinta ranar Lahadi, don akwai Hausawa Kiristoci da yawa a ƙasar Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara, kuma a 2023 aka ba Katsina nata bishop na Katolika, Gerald Mamman Musa, Bahaushe. Sauran ɗariƙu irin ECWA ba sa ajiye siffofi a coci, su ma suna da nasu dalilin da bai yi nisa da namu ba.

Wadda duniya ta fi sani ita ce ta Michelangelo a cocin Saint Peter na Rum, wadda ya gama a 1499 yana ɗan shekara 24. Farin dutse ne sumul, uwar yarinya ce ɗanya, gawar kamar mai barci. Kyakkyawa ce ƙwarai, har kyan ya so ya danne ciwon. A 1972 wani ya far mata da guduma ya karya hannun uwar ya gutsure hancinta, tun daga nan take bayan gilashi.

Amma kusan shekara 200 kafin ita, wani masassaƙi a Jamus da ba a san sunansa ba ya yi wata da itace, ba ta kai mita ɗaya ba, yanzu tana gidan tarihi a Bonn, ana kiranta Pieta ta Röttgen. Wannan ba ta da daɗin kallo. Gawar ta ƙanjame, haƙarƙari a waje, kai ya karye baya, jini ya daskare curi-curi a bakin raunuka. Uwar baki a buɗe, fuska a yamutse, kallon wadda ba ta yarda da abin da aka yi mata ba. Ƙarni na 14 ƙarni ne na yunwa da annoba a Turai, daga yunwar 1315 zuwa annobar da ta fara a 1347 ta kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Macen da ta binne 'ya'ya uku ta shiga coci ta ga wannan, ba sai an yi mata wa'azi ba. In za a tambaye ni, ta itacen ta fi ta dutsen gaskiya.

Akwai wata Bajamushiya, Käthe Kollwitz, da labarinta ya fi kusa da mu. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, ɗanta Peter yana ɗan shekara 18, sai da izinin uba zai shiga soja. Uban ya ƙi. Ita ce ta taya yaron roƙo har ya yarda. A watan Oktoba na shekarar aka kashe shi a Beljiyam. Ta ɗauki shekara 18 tana fama da abin tunawa da shi, ta fara ta rushe, sai a 1932 ta gama. Ba ta sassaƙa yaron ba. Iyaye biyu ta yi a durƙushe, uban ya ƙanƙame jikinsa da hannuwansa, uwar ta sunkuya cikin mayafi, da fuskarta da ta mijinta. Suna nan a maƙabartar sojojin Jamus ta Vladslo, suna fuskantar inda ɗansu yake kwance. Abin da ta zuba a dutsen ba rashi kaɗai ba ne, har da tambayar da ke cin iyaye: da ban bar shi ya tafi ba fa?

Inda namu ya koma

Musulunci ya hana siffar, ya kuma hana a ɗaga kabari a mai da shi gini. Amma hana siffa bai zama hana ciwo ba, kuma a nan ne da yawanmu muke kuskure. Alƙur'ani ya nuna Annabi Yaƙubu (AS) yana baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna masa faɗa, shi kuwa ya ce kukansa wurin Allah yake kaiwa. Ya nuna Nana Maryamu a gindin dabino, naƙuda ta kama ta, ita kaɗai, har ta yi fatan da ma ta mutu kafin ranar. Ya nuna Annabi Ayuba (AS) ya faɗi a fili cewa cuta ta same shi. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, ya gaya masa jinƙai ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da keta tufa da maganar da ke ja da hukuncin Allah.

Ciwon da ba a ba shi yumɓu ba sai ya koma cikin magana da jiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye zafin rashinsu ba, ba wanda kuma ya ce imaninta ya yi rauni. Talaka da bai iya waƙa ba yana da tabarmar zaman makoki. Mai gaisuwa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban dattijo: "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Dattijo ya amsa da murya ƙasa-ƙasa, a shafa fatiha, a matsa a ba na baya wuri. Ga sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ga masu yi. Ga takaba, wata huɗu da kwana goma, mace ba kwalli ba lalle, kowa ya gan ta ya san halin da take ciki. Ga sujada kanta, goshi a ƙasa sau da yawa a yini, wadda ba siffar ƙarfi ba ce.

Yumɓun ma bai bar mu ba. A je maƙabartar ƙauye a gani. Bayan an kwantar da mamaci a ƙaramin ramin, kan ɓarinsa na dama, fuska ga alƙibla, sai a jera itace a kai, a wasu garuruwan kuwa fasassun tukwane ake jerawa. A kwaɓa ƙasa da ruwa, a bi duk wata kafa a toshe da hannu don kada turɓaya ta zubo masa, sannan a tura ƙasa. In an gama wani ya kafa ɓallin tulu wajen kai don a gane wurin. Ba suna, ba fuska. Damina biyu uku tudun ya kwanta. Ban ce daga mutanen Nok muka gaji wannan ba, tazarar ta yi yawa. Na dai lura cewa a ƙasar nan, shekara dubu biyu da wani abu, fasasshen yumɓu bai daina raka mamaci ba.

Ƙofar makaranta

Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga a kan babura suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai daji. Shugaba Muhammadu Buhari yana Daura a lokacin, cikin jihar. Kwana shida iyaye suna taruwa a harabar makarantar. Hotunan da 'yan jarida suka ɗauka suna nan: maza zaune a ƙasa cikin hazon hunturu, hannu a kumatu, mata cikin hijabi sun haɗa kai da gwiwa, a ɗakunan kwana ga akwatuna a buɗe da takalma warwatse. Wanda ya ga na Jenne da na Vladslo ya ga waɗannan, ba zai buƙaci a nuna masa kamar ba. Tambayar Kollwitz ma tana wurin, don kowane uba a cikinsu shi ya biya kuɗin mota ya kawo ɗansa makarantar kwana. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344 ta wajen Tsafe, washegari aka kawo su Katsina gaban Gwamna Aminu Bello Masari, da yawa ba takalmi, ƙafafu sun yi futu-futu.

Su Allah ya dawo da su. Ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aka far wa a watan Maris 2014, irin su Maigora, inda rahotanni suka ce an kashe sama da mutum 100, ba su samu wannan ba, kuma tun daga lokacin abin bai tsaya ba. Ba allon suna, ba ginin tunawa, addini bai nemi a yi ba. Sai dai a nan nake da magana da mu kanmu. Muna da saurin cewa a yi haƙuri. A bakin maƙwabci da ya zo ya zauna da kai a tabarma, kalmar magani ce. A bakin mai mulki da ya zo da jiniya, ya ajiye buhunan shinkafa, ya juya kafin la'asar, rufe baki ce. Ga kuma kunya ta ƙara nata nauyin: uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari yana raye, ranar da aka kawo gawarsa ma ana sa ran ta daure. Annabi Yaƙubu ya yi haƙuri, kuma ya yi kuka har ya makance. Mu mun riƙe rabin farko mun saki na biyu.

Wataƙila shi ya sa waya ta zame mana abin da ta zama. Al'ummar da ba ta gina siffa yau ita ce ke tura hoton gawarwaki jere cikin likkafani a WhatsApp da Facebook kafin a yi musu sallah. Ina ƙin abin, don gawa tana da mutunci, umarnin da aka ba mu shi ne mu suturta ta, kuma akwai 'ya'yan da za su girma su tarar da hoton ubansu yana yawo. Amma na san dalilin mai turawa. Ya gaji da a kashe ashirin a ce biyar ne. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a Satumba 2021, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na tsawon watanni, mutane sun ɗanɗana yadda ake mutuwa ba wanda ya ji. Hoton nan yatsa ne a kan wurin ciwo. Bambancinsa da aikin magini shi ne lokaci. Magini yakan zauna da abin kwana da kwanaki, ya zaɓi abin da zai nuna da wanda zai rufe. Mai waya daƙiƙa biyu gare shi, mai kallo ma haka, ya ce Allah ya jiƙansu ya wuce zuwa hoton biki.

Tsakanin mutanen yumɓu da mu akwai wasu da suka zauna a wannan yanki na kudancin Katsina, kuma har yanzu suna nan. Maguzawa ba su shahara da gina siffofi ba, amma ba su bar ciwo ba fuska ba. Sun ba shi suna da hali da kiɗa, suka sa shi a jikin mutum mai rai: ga Kuturu da ke zuwa da yatsu a dunƙule, ga Bebe, ga Inna da ake jingina wa shanyewar ƙafar yara. Masanin tarihi Murray Last ya zauna a cikinsu a ƙasar Malumfashi wajen 1970 yana nazarin yadda suke jinya. Babi na gaba zai shiga gidajensu, mu ga abin da bori ke yi wa majinyaci, abin da malamai suka ce a kansa tun zamanin Shehu, da dalilin da ya sa har yau wasu kan fita daga asibiti su bi ta can kafin su isa gida.